Ƙuri'a a Gida, Rayuwa a Abuja: Ina Ikon Ɗan Ƙasa Ya Tafi?

Daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Yulin 2025, makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya a garƙame suke. Malamai sun ajiye alli saboda ƙananan hukumomin Abuja shida sun gaza biyan su mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da sauran haƙƙoƙinsu da suka taru. Fiye da wata uku yara suna gida, wasu an ɗora musu tiren talla, wasu suna gararamba a layi, a garin da fadar shugaban ƙasa take, da Majalisar Tarayya, da Kotun Ƙoli. Sai da ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani, aka amince a yanki wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a rage wa malaman bashi, sannan aka buɗe azuzuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai a lokacin shi ne su wa mutane ke zagi. A teburin mai shayi da majalisar bayan la'asar, sunan Tinubu za ka ji, sai na Wike. Da wuya ka ji an ambaci ciyaman, balle kansila, alhali albashin malaman firamare a wuyan ƙaramar hukuma yake. Kada ka tsaya a kan maganata, ka gwada da kanka. Shiga Gwagwa ko Karmo ko Dei-Dei, ka tambayi magidanta sunan kansilan da ke wakiltarsu. Mutumin da zai warware maka rikicin siyasar Kano daki-daki, har da wanda ya ci amanar wa a wace shekara, shi ne za ka ga yana sosa ƙeya.

Sannan a duba wanda ya samu biyan buƙata a ƙarshe. Malamai sun samu, ko da ba duka ba, domin suna da ƙungiya, suna da shugabanni, suna da takardar buƙatu da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Iyaye sun fi kowa yawa, sun fi kowa asara, kuma muryarsu ce ta fi ta kowa rauni, domin kowa shi kaɗai ya yi ta cizon yatsa a ɗakinsa. A nan nake ganin duk maganar ikon ɗan ƙasa ta tattaru. Yawan jama'a ba ya zama iko sai an haɗa kai, kuma an san ofishin da za a tunkara.

Waɗannan yaran da suka zauna a gida, su ne dai ake sa wa haddar ma'anar dimokuraɗiyya a darasin zamantakewa: gwamnatin jama'a, wadda jama'a suka kafa, domin jama'a. Maganar shugaban Amurka Abraham Lincoln ce ta shekarar 1863, yaranmu kuma suna rera ta kamar karatun allo, su ci jarrabawa, su manta. Tsarin mulkinmu na 1999 ya faɗi kusan haka da nasa lafazin. Sashe na 14 ya ce iko na jama'ar Najeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun duk wani hurumi da take da shi. Ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ya ƙara da cewa dole a tabbatar jama'a suna da hannu a tafiyar da gwamnatinsu. Magana mai daɗin ji. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu ne, kuma sashe na 6 ya riga ya ɗaure hannun kotuna game da wannan babin. Ba za ka iya kai gwamna ƙara don kawai ya gaza kula da walwalarka ba. Ma'ana, tsarin mulki ya ce mulki naka ne, amma bai ba ka ɗan sandan da zai karɓo maka shi ba. Kai za ka tashi.

To a Abuja tashin ma yana da nasa sarƙaƙiya, domin a littafin makaranta matakan gwamnati uku ne, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, mu kuwa a nan na tsakiyar babu shi. Tun da gwamnatin Murtala ta yi dokar kafa birnin a Fabrairun 1976, har aka tare a Disambar 1991 zamanin Babangida, ba a taɓa zaɓen gwamna a Abuja ba, babu kuma majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 ya miƙa aikin gwamna ga shugaban ƙasa, shi kuma ya wakilta minista. Aikin majalisar jiha kuma yana hannun Majalisar Tarayya, inda Abuja ke da sanata ɗaya cikin 109 da 'yan majalisar wakilai biyu cikin 360. Mutumin da ke da ikon raba filaye, da rushe gini, da hana sana'a a cikin gari, babu mazaunin Abuja ko ɗaya da ya dangwala masa. Lokacin da aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006 zamanin El-Rufai, da lokutan da aka fatattaki 'yan baban bola ko aka kwashe mabarata, duk daga ofishin minista umarnin ya fito. Wasu daga cikin matakan nan suna da hujja, wasu zalunci ne tsantsa, amma ba wannan nake tattaunawa ba. Abin lura shi ne wanda abin ya shafa ba shi da ranar da zai rama da ƙuri'a kai tsaye.

Kujerun da mazaunin Abuja ke zaɓa na kusa da shi, waɗanda nasa ne shi kaɗai, su ne na ƙananan hukumomi: AMAC (ta birni da kewaye), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Ciyamomi shida, kansiloli 62. Akwai kuma wata gata da muke da ita wadda babu jihar da ke da ita a ƙasar nan. A jihohi 36, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma kowa ya san yadda ake yi: jam'iyyar gwamna ta lashe komai, wani lokaci a sanar da sakamako mutane ba su ga akwati ba. A Abuja INEC ce ke yin wannan zaɓe. Shi ya sa a Fabrairun 2022 aka raba kujerun, PDP ta ɗauki AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. Zaɓe ne da ake iya kayar da mai ci.

Amma nawa suka fito? AMAC ita ce ta haɗa Garki, Wuse, Gwarinpa, Nyanya, Karu, Kabusa, Jiwa, Gwagwa har zuwa Karshi, ga dubban ɗaruruwan masu rajista. Wanda ya ci kujerar ciyaman a 2022 da ƙuri'un da ba su kai dubu ashirin ba ya ci. Dubu ashirin! Idan ciyaman ke nan, sai ka ƙiyasta abin da kansila ke buƙata a mazaɓa guda. Akwai kasuwannin da in 'yan cikinsu da iyalansu suka haɗa baki, su kaɗai za su iya sauya sakamakon mazaɓarsu.

Me ya hana? Bari in yi magana a kan namu, Hausawan Abuja, domin su na sani. Yawancinmu har yau kallon baƙi muke yi wa kanmu. Mutum ya shekara ashirin a Mabushi ko Kado, a nan ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa, a nan suke makaranta, a nan matarsa ke zuwa awo, amma katin zaɓensa na Malumfashi ne ko Gumel ko Illela. Ana gobe babban zaɓe za ka ga tashar Zuba da ta Jabi sun cika maƙil, kowa zai tafi gida ya yi zaɓe. Ya je ya zaɓi ɗan majalisar da ba zai sake ganinsa ba, ya dawo ya ci gaba da zama bakin kwatar da ta toshe. In ka yi masa magana ya ce, "Alhaji, mu nema ya kawo mu, garin masu gari ne." Ga kuma wani rukunin, masu kwana a Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja, su wuni a Abuja. Su ba su nan, ba su can.

Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa ko addininsa. Dokar zaɓe kuma ta buɗe hanya uku ga mai son rajista: inda kake zaune, ko inda kake aiki, ko inda ka fito. Mai shago a kasuwar Wuse da ke kwana a Suleja yana da damar yin rajista a Wuse. Wanda katinsa ke ƙauye yana iya neman INEC ta sauya masa rumfa a lokacin da aka buɗe rajista, ba ko sisi. Na san akwai masu cewa a bar wa 'yan asalin wurin, Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da sauransu, waɗannan 'yan kujerun, tunda an karɓe musu ƙasa, ba su da jiha, ba su da gwamna. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk mai adalci ya kamata ya ji ta. Sai dai zaɓe daban, tsayawa takara daban. Ba sai ka ƙwace kujerar kowa ba. Ɗan Gbagyin da ya san akwai ƙuri'u dubu biyu a unguwar Hausawa, kuma ba za a ba shi su a banza ba, zai zo ya zauna da ku ya ji abin da kuke so. Wanda ya san katunanku suna Katsina, me zai kawo shi?

Kuma fa kuna biya. Duk mai kasa kaya a kasuwa ya san masu yankar tikiti, ya san rasit kala-kala da ake miƙo masa, na shara, na allon shago, na wurin zama, na sauke kaya. Tsarin mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Sashe na 24 ya ɗora wa ɗan ƙasa wajibin biyan haraji. To amma wajibi da haƙƙi tare suke tafiya, wanda ya karɓi kuɗinka dole ya gaya maka inda ya kai su. Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki yaron shago, ya damƙa masa mabuɗi da jari, ya ce sai bayan shekara huɗu zan zo mu yi lissafi. Abin da ba za mu yarda da shi a kan buhun shinkafa goma ba, shi muke yi a kan dukiyar gari guda.

Tarihin ƙasar nan ma, in ka bi shi, yawancin lokutan da talaka ya nuna ƙarfinsa a kan haraji ne. Matan Aba a 1929. Matan Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, waɗanda suka matsa har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. A Arewa, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 ta shafe shekaru ana ɗaure 'ya'yanta, ana yi musu bulala, Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku tun matan Arewa ba su da 'yancin jefa ƙuri'a. Sai a 1979 matanmu suka yi zaɓen ƙasa karon farko, kuma a shekarar ce gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin tsakanin fara kuka da share hawaye. Masu cewa "mun yi zaɓe sau ɗaya ba mu ga canji ba" su dubi wannan tazarar.

Ba na raina hujjar masu yanke ƙauna. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wato kimanin kashi 27 cikin 100, mafi ƙanƙanta tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Wanda ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79 ya ci, ƙasa da kashi goma cikin ɗari na masu rajista. Gaskiya ne rajistar tana ɗauke da matattu da waɗanda suka yi ƙaura, gaskiya ne kuma ƙarancin takardun Naira a watan ya hana mutane da yawa tafiya. Amma ko an cire wannan duka, akwai miliyoyin da suka zauna a gida da gangan, domin sun ga an yi alƙawarin ɗora sakamako a intanet nan take, sun saba ganin ana saɓa alƙawari, kuma a zaɓen shugaban ƙasa an saɓa ɗin. Wanda ya ce ƙuri'arsa ba ta da amfani ba mahaukaci ba ne. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce ko'ina haka ne. A wannan zaɓen dai, a nan Abuja, Ireti Kingibe ta jam'iyyar Labour ta kayar da Philip Aduda, sanatan da ya daɗe a kujerar. A 2015 shugaban ƙasa mai ci ya faɗi, ya kuma buga waya ya amince. Maguɗi yana da iyaka, kuma iyakarsa tana kusa a inda mutane suka tsaya a kan ƙuri'arsu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa har ƙarshe ya san abin da nake nufi. Bayan mutum na ƙarshe a layi ya jefa tasa, jami'in zaɓe, galibi ɗan hidimar ƙasa ne da gumi ya jiƙa masa riga, zai zazzage akwatin a kan tebur ko a tabarma. Ya ɗaga kowace takarda sama kowa ya gani, a ware ta jam'iyya-jam'iyya. Sai ƙidaya, jama'a na amsawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har yaran unguwa sun shiga. In an zo kan wadda tawada ta taɓa gida biyu, a yi ta musu, wannan ya ce lalatacciya ce, wancan ya ce a'a. In duhu ya yi a kunna fitilun waya. A rubuta sakamako a takarda, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe, a manna wata a bango. A wannan sa'a guda, babu minista, babu sanata, mai faskare da babban sakatare duk matsayinsu ɗaya. Ɓarnar tana faruwa ne a gaba, wurin tattara sakamako, kuma ta fi sauƙi a rumfar da kowa ya jefa ya tafi gida cin tuwo. Zaɓen kansila kuwa tafiyarsa gajera ce, daga rumfa sai cibiyar mazaɓa. Mutum ashirin masu waya da haƙuri sun isa su raka shi.

Sayar da ƙuri'a fa? Ba zan yi wa mai jin yunwa wa'azi ba. Matar da aka miƙa wa taliya da atamfa da 'yan dubbai, ta san abin da take yi, ta yi lissafi ne cewa wannan shi ne kaɗai abin da za ta taɓa samu daga hannun mutumin. Sau da yawa lissafinta daidai ne. Abin da zai sauya lissafin shi ne ta ga wata unguwa da ta ƙi karɓar taliya ta nemi rijiyar burtsatse a rubuce, kuma ta samu. Mutum ɗaya ba ya iya wannan cinikin, sai unguwa.

A cikin makaman da doka ta ba ɗan ƙasa bayan zaɓe, akwai na gaske, akwai na ado. Kiranye na ado ne. Sashe na 69 ya ce jama'a na iya dawo da sanata ko ɗan majalisar wakilai gida, amma sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A ƙasar da masu fitowa zaɓe ba su kai ko kashi ɗaya cikin uku ba, an ce ka tara fiye da rabi. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi ta Yamma, da aka zo tantancewa a Afrilun 2018 kimanin kashi biyar cikin ɗari na masu rajista kawai aka tabbatar. An gwada a kan Natasha Akpoti-Uduaghan a Kogi ta Tsakiya a 2025, INEC ta ce sa hannun bai kai adadin ba. Tun 1999 babu ɗan majalisa ko ɗaya da aka yi wa kiranye ya tabbata, kuma waɗannan biyun ma kowa ya ji ƙamshin hannun manya a cikinsu.

Dokar 'yancin samun bayanai kuwa ta gaske ce, mu ne ba ma ɗaukarta. Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Mayun 2011. Ta ce kowane mutum na iya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardun bayani, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana bakwai, in an ƙi ya tafi kotu. Wasu jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Abuja babu wannan mafakar, Majalisar Tarayya ce majalisarmu. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, maganar ina kuɗin suka shiga ta ƙara zama tambayar da ciyaman ne zai amsa, duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatar da hukuncin. Shin za a amsa wasiƙarka cikin kwana bakwai? Sau da yawa a'a. Amma wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa, aka ɗauki hotonta, aka karanta ta a gidan rediyo, tana hana jami'i barci fiye da zagi dubu a Facebook.

Zanga-zanga ita ma haƙƙi ce, sashe na 40 ya tanade ta, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro na lumana. Ta taɓa yin aiki. A Janairun 2012 an cire tallafin mai, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa kusan 141, ƙungiyoyin ƙwadago da jama'a suka tsayar da ƙasar cak, cikin mako biyu gwamnati ta sauko zuwa 97. A Oktoban 2020 matasa sun sa an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS. Amma mu a Arewa mun ga ɗaya fuskar a Agustan 2024. An fito saboda yunwa, babu jagora, babu takardar buƙatu, ɓata-gari suka shiga, aka rasa rayuka, aka kwashi yara. A watan Nuwamba duniya ta ga ƙananan yaranmu a Babbar Kotun Tarayya da ke nan Abuja, ƙasusuwa a waje, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Abin da ya fito da su shi ne ihun da jama'a da lauyoyi da 'yan jarida suka yi, har shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su cikin 'yan kwanaki. A labari guda ka ga raunin fushi marar tsari, ka kuma ga ƙarfin matsin lamba mai manufa ɗaya.

Misalin da na fi so a koya wa yara a aji shi ne na dokar rage shekarun takara. Matasa ne suka ɗauko ta, suka bi Majalisar Tarayya, suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya domin gyaran tsarin mulki sai da amincewar aƙalla 24 daga cikin 36, har Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayun 2018. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Ba a ƙona taya ko ɗaya ba. An dai ci shekara biyu ana zarya, ana buga wa 'yan majalisa waya, ana wallafa sunan wanda ya goyi baya da wanda ya noƙe.

Wani zai ce ai waɗancan 'yan boko ne masu tallafin Turawa, mu ina muka ga wannan tsarin? Nan ne nake ganin muna raina kanmu. Babu al'ummar da ta kai Hausawan Abuja yawan ƙungiyoyi. 'Yan gwari suna da tasu, mahauta suna da sarkin fawa, 'yan Keke NAPEP da 'yan acaɓa suna da shugabanni da katin shaida da kuɗin mako, 'yan canji suna da tasu, kowace unguwa da Sarkin Hausawanta, kowane masallaci da kwamitinsa, mata suna da adashi da Islamiyya. In ɗan ƙungiya ya rasu, kafin azahar an haɗa kuɗin mota an kai gawa gida. Tsarin yana nan. Matsalar ita ce abin da muke yi da shi idan an zo gaban hukuma. Sai a ɗinka anko, a yi hayar mota, a je "gaisuwar ban girma". Shugaba ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, mu masu biyayya ne, mun zo mu jaddada goyon baya, a taimaka a dube mu." A ɗauki hoto, a ba da kuɗin mai, a watse. An je da ƙuri'a dubu a aljihu an dawo da ambulan ɗaya, shi ma a mota za a fara rigima a kansa.

Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ban ce a bar ta ba. Ana iya cewa "ranka ya daɗe" a kuma miƙa takarda mai buƙatu uku da ranar da za a dawo jin amsa. Liman na iya sanar da ranar da INEC ta buɗe sauya rumfa kamar yadda yake sanar da ɗaurin aure, bai ce a zaɓi kowa ba. Makarantun gwamnati suna da kwamitin iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, asibitocin sha-ka-tafi suna da kwamitin mazaɓa, kuma galibi kujerun nan mutum uku-huɗu ne ke riƙe da su shekara da shekaru saboda babu mai zuwa taro. Da a ce a watan farko na yajin aikin malamai iyayen kowace mazaɓa sun tara mutum ɗari sun je sakatariyar ƙaramar hukumarsu, cikin lumana, kowane Litinin, da wuya a kai wata uku.

Akwai kuma inda aka fi yi mana sakiyar da ba ruwa, wato zaɓen fid da gwani. Ranar babban zaɓe zaɓi ake ba ka tsakanin mutanen da wasu suka riga suka tace. Shekara da shekaru, masu tacewar su ne shugabannin jam'iyya na mazaɓa da daliget, kuma su ma a wani ɗan taro ake fitar da su, a harabar makarantar firamare ko ƙofar gidan wani jigo, taron da sau da yawa bai fi cikin tabarma biyar ba. Malamai da ma'aikata da manyan 'yan kasuwarmu suna ƙyamar wannan wurin, wai siyasa ƙazanta ce, sai su bar shi ga 'yan jagaliya, daga baya su zo suna mamakin irin 'yan takarar da aka fito da su. Katin jam'iyya a ofishin mazaɓa ake yankarsa, kuma a mazaɓu da dama na Abuja ofishin shago ɗaya ne mai tuta a baki, ba ya wuce tafiyar Keke NAPEP daga inda kake sallar Juma'a.